Filin Tambaya da Amsa: Bishiyar da Ke Haifar Laima

Wasiƙar da ta buɗe filinmu na wannan wata mun buga ta a fitowar da ta gabata ba tare da amsa ba, muka roƙi masu karatu su tofa albarkacin bakinsu. Wasiƙun da suka biyo bayanta sun fi ƙarfin shafukan da aka ware mana, saboda haka mun zaɓi uku mun taƙaita su, mun kuma sake kawo ta farkon domin wanda bai gan ta ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara shida wanda ba shi da abokin hira sai kakansa, mahaifin maigidana. Ranar da aka yi ruwan farko na bana suna zaune a zaure, yaron ya tambaye shi inda ake samo laima, sai Baba ya ce masa ai a bishiya take fitowa. Ya ce bishiyar tana can bayan wani dutse mai nisa, ba ta yin fure sai an fara jin ƙamshin ƙasa, kuma 'ya'yanta a naɗe suke fitowa kamar kuɓewa, sai sun nuna suke buɗewa da kansu. Ya ce duk laimar da aka ga tana yoyo, wani mai gaggawa ne ya tsinke ta tana ɗanya. Baƙaƙen na tsofaffin rassa ne, masu launi-launi kuma na sababbin rassa. Idan rani ya yi sai bishiyar ta koma haifar mafici. Ni kaina da na jiyo daga tsakar gida sai da na yi dariya. To amma yanzu yaron ya ɗauki mariƙin wata karyayyar laima ya binne a bayan ɗaki, safe da yamma yana ba shi ruwa yana duba ko ya tsiro. Ina jin nauyin Baba, ba zan iya ce wa yaro kakansa ya yi masa ƙarya ba, kuma ba na so ya tashi yana ganin ƙarya ba komai ba ce. Yaya zan yi?

Wata uwa, daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki shi, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Kin yi daidai da kika riƙe bakinki, domin yaron da ya ji mahaifiyarsa ta jingina ƙarya ga kakansa ba zai manta da maganar ba ko bayan ya manta da laimar. A ganina kuwa abin da Baba ya yi ba irin ƙaryar da kike tsoro ba ce. Tatsuniya ce ya buɗe, ya manta bai rufe ba.

Tun kaka da kakanni Bahaushe yana ba yara labarin abin da ba ya yiwuwa, amma bai taɓa barin labarin haka sake ba. Mai tatsuniya sai ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa "Ta zo mu ji ta," idan kuma ta gama ta ce "Ƙurunƙus," wasu ma har su ƙara da cewa ba don Gizo ba da sun yi ƙarya. Tsakanin waɗannan kalmomi biyu kura tana iya magana, Gizo yana iya cin gona guda shi kaɗai, Ƙoƙi tana iya kai ƙara fada, kuma ba a taɓa jin yaron da ya tashi da safe ya tafi neman gidansu ba, domin ya san daga inda wasa ya fara da inda ya ƙare. Har lokacin yinta an keɓe, wato da dare bayan an ci tuwo, shi ya sa manya kan tsoratar da yara cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata. Haka nan kacici-kacici: idan aka ce "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," babu wanda ke tuhumar mai faɗa da ƙarya don ba shi da ko saniya guda, kowa tsintsiya yake nema a ransa. Abin da ke mayar da magana ƙarya shi ne a so mai sauraro ya ɗauke ta a matsayin gaskiya, ya tafi da ita haka.

To shi Baba da rana tsaka ya ba da nasa labarin, a zaure, ba tare da buɗewa ba, kuma a matsayin amsar tambayar da yaro ya yi da zuciya ɗaya. Nan ne kawai aka sami giɓi. Ina kuma so ki lura cewa ɗanki bai yi wauta ba, lissafi ya yi mai kyau. Ya san abin da ya fito daga bishiya yana da iri, iri kuma binne shi ake yi a ba shi ruwa. Yana gani da idonsa ƙwaryar da ake dama fura da ludayin da ake sha duk daga duma suka fito, soson wanka yana reto a jikin danga, audugar da ke cikin matashin kai daga rimi ta faɗo. Yaron da ya tashi a gidan da kwano da cokali suke tsirowa daga ƙasa ba shi da dalilin musa cewa laima ma tana yi.

Kada kuma a raina abin da ke tsakanin kaka da jika. A gidan Bahaushe yaro ba ya musu da mahaifinsa, ba ya ɗaga ido ya dubi malaminsa, amma yana iya kallon kakansa ya ce "Kai Kaka, wannan zuƙi-ta-malle ce," a yi dariya, babu wanda zai ce ya yi rashin kunya. Wannan wasa, da na taubasai da wanda ke tsakanin garuruwa da ƙabilu, irin na Kanawa da Zagezagi ko Fulani da Barebari, yana da darajar da har hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa barkwancin ƙasar Nijar cikin jerin al'adun da ɗan'adam ya gada a shekarar 2014. Amfaninsa ga yaro shi ne a gaban kakansa yake fara koyon auna maganar babba ba tare da tsoro ba. Da ɗanki ya kai shekara takwas ko tara, da tuni ya gano wasan ya ƙara nasa reshe a kan bishiyar. A shekara shida yana bakin iyaka ne, ya san tuwon ƙasa ba na ci ba ne domin shi ya tuƙa shi, amma maganar da ta fito daga bakin tsoho mai furfura har yanzu tana da nauyin gaskiya a wurinsa.

Damuwarki ta fuskar addini ma tana kan hanya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana yaro ta ce ya zo ta ba shi wani abu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta me za ta ba shi. Ta ce dabino. Ya ce da a ce ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Akwai kuma hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ke shara ƙarya don ya ba mutane dariya. Duk da haka shi kansa Annabi yana yin raha. Wani mutum ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, mutumin ya ce me zai yi da ɗan taguwa, sai ya ce masa ai babu raƙumin da ba taguwa ce ta haife shi ba. Abin lura a nan shi ne ba a bar mutumin ya tafi da ruɗani ba, a zama guda aka ɗaure aka kwance. Malamai da yawa sun bambanta ƙagaggen labari wanda mai faɗa da mai ji duk sun san ƙagagge ne da maganar da ake nufin yaudara da ita. Baba ya yi nufin labarinsa ya zama a sahun farko ne, amma kullum da yaron ya ɗebi ruwa ya nufi bayan ɗaki, labarin yana ƙara zama alkawari a wurinsa, kuma alkawarin da ba zai cika ba ne. Wannan ne ya kamata a hanzarta gyarawa.

Shawarata ita ce kada ke ki warware maganar, kuma kada ki tunkari Baba da ita kai tsaye. Ki gaya wa maigidanki, ko kakar yaron idan tana raye, a sanar da Baba cikin raha cewa abokin nasa fa ya yi shuka. Wanda ya buɗe shi ya fi dacewa ya rufe. Ya kira shi da dare ya fara da "Ga ta nan, ga ta nanku," ya maimaita labarin har ya ƙawata shi fiye da na farko, ya tambayi yaron abin da awaki ke yi idan laima ta faɗo ƙasa da wanda ke gadin bishiyar da daddare, ya bar shi ya ƙaga amsa da kansa, sannan ya ce ƙurunƙus. Daga nan sai ya gaya masa a fili cewa laimar gaske mutane ne ke ƙera ta da ƙarfe da yadi. Yaron da aka sa hannunsa cikin ƙaga labari ba ya jin an yaudare shi, ji yake yi an ɗauke shi cikin manya. Ramin kuma kada a cike shi haka kawai. A ba shi 'ya'yan duma ya shuka a wurin tun damina tana da saura, ya ci gaba da ban-ruwan da ya saba, domin kafin hunturu ya ga abin da ya shuka ya yi yaɗo ya yi 'ya'ya, a bari su bushe, Baba ya fafe masa ludayi ko ɗan ƙoƙo da zai ce nasa ne.

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne. Na karanta wa ɗalibaina wasiƙar uwar nan, suka yi ta dariya, amma wata yarinya ta tambaye ni ko a duk faɗin duniya babu bishiyar da ta yi kusa da wadda tsohon ya siffanta. Na yi mata alkawarin amsa. Ku taimaka mini kada in ji kunya.

Wani malami, daga Damagaram

AMSA: Malam, ka gaishe mini da wannan yarinya, domin tambayarta tana da amsa mai daɗi. Babu bishiyar da ke yin 'ya'yan laima mai ƙarfe da mariƙi, wannan ka gaya musu ba tare da kwana-kwana ba. Amma akwai wadda ganyenta laima ce ta gaske, kuma mutane sun daɗe suna fakewa da shi. Sunanta talifot, dangin giginya ce, tana fitowa a kudancin Indiya da tsibirin Siri Lanka. Tsawonta yakan kai mita 25, faɗin ganye guda kuma yakan kai mita 5. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Robert Knox, wanda ya shafe kusan shekara 20 a tsare a masarautar Kandi ta wannan tsibiri, ya rubuta a 1681 cewa ganye ɗaya yana iya rufe mutum 15 ko 20 ya kare su daga ruwa, kuma idan ya bushe ba shi da nauyi, ana ninke shi a riƙe a hannu yadda ake ninke mafici. Ka ga ke nan tsohon Funtuwa bai yi nisa da gaskiya ba ko a batun naɗewa da buɗewa. Mutanen can sukan yanka ganyen su yi laima da rumfa, kuma a kansa aka rubuta littattafai da yawa kafin takarda ta wadata. Abin da zai fi ba yara mamaki shi ne wannan bishiya sau ɗaya tak take fure a rayuwarta, bayan ta yi shekara 30 zuwa 80, sai ta fitar da wani tulin fure mai tsawon mita 6 zuwa 8 a ƙololuwarta, wanda babu tsiron da tulin furensa ya kai shi girma, ta yi kimanin shekara guda tana nunar da 'ya'ya, daga nan ta mutu.

Akwai kuma waɗanda siffarsu ce kawai ta laima. Ku a Nijar kuna da kandili, wadda kanta yake a baje, makiyayi da dabbobinsa su sami inuwa a inda babu wata. Shahararriyar bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a cikin hamada ayarin gishiri suna gane hanya da ita, irin wannan ce; wata babbar mota ta kaɓe ta a 1973, kuma gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, inda ɗalibanka za su iya ganinta idan Allah ya kai su. A dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru da Kwango akwai musanga, mai saurin girma a inda aka sare daji, wadda kowane ganyenta ya rarrabu daga tsakiya ya sunkuyo ta kowane ɓangare. A tsibirin Sukutura na ƙasar Yaman akwai wata mai jan ƙaro, wadda rassanta suka cure a sama suka yi kan laima sosai. Ita kuwa wadda ake yawan dasawa yanzu a ƙofar gidaje da makarantu a biranenmu, mai rassa hawa-hawa da ƙananan ganye, asalinta daga Madagaska ne, kuma ina ba ka shawara idan za ku dasa ta a makaranta ku nisanta ta da gini, domin saiwoyinta a sama-sama suke tafiya suna ɗaga daɓe.

Kada ka manta da abin da ke kusa. Malafar da manomi ke sawa a gona da kabar goruba ake saƙa ta, kuma aikin laima take yi masa a rana da yayyafi. A kudu mutum yakan tsinki ganyen ayaba ko na gwaza ya ɗora a ka idan ruwa ya rutsa shi a hanya. A ƙasar Sin an daɗe ana yin laima da sandunan gora da takarda, a shafe takardar da man da ake tatsa daga ƙwayar wata bishiya don kada ruwa ya ratsa, kuma a ƙauyen Bo Sang da ke kusa da Ciyan Mai a ƙasar Tailan har yau ana yin takardar laima da ɓawon itace. Irin wannan laima tun daga mariƙi har rufi daga tsirrai take, hannun mutum ne kawai ya harhaɗa ta. Idan ka sa yaran su zana bishiyar tsohon a shafi ɗaya, su zana talifot a shafi na gaba, su rubuta a ƙarƙashin kowace wadda ta tatsuniya ce da wadda ta gaske ce, ina ganin darasin zai zauna musu fiye da na allo.

TAMBAYA: Ni kam na taɓa ganin hoton bishiyar laima a waya, laimomi ja da shuɗi da rawaya suna reto a rassanta, mutane da yawa kuma suna rubuta Allahu Akbar a ƙarƙashin hoton. Shin wannan ma wasa ne irin na kakan yaron?

Wani matashi, daga Gusau

AMSA: Ɗan'uwa, a'a, akwai bambanci, kuma bambancin shi ne dukan abin da muke magana a kai. Hoton da ka gani ko dai laimomi ne aka rataya don ado, kamar yadda ake yi kowace shekara a titunan garin Ageda na ƙasar Fotugal, ko kuwa haɗa shi aka yi da kwamfuta. Idan wanda ya fara sa shi ya nuna ado ne ko wasa, babu laifi a kansa. Matsalar ita ce hoto yana rabuwa da bayaninsa tun a hannu na biyu, ya isa ga wanda bai san mafarinsa ba, shi kuma ya yi kabbara da zuciya ɗaya a kan abin da Allah bai halitta ba. Kakan yaro yana gida, gobe za a iya komawa wurinsa ya warware. Wanda ya haɗa hoto ba ka san shi ba, kuma ba zai dawo ya ce ƙurunƙus ba.

Kada ka raina waɗanda suka gaskata, domin manya masu ilimi sun faɗa cikin irin wannan tarko tun kafin a yi wayar hannu. Ranar 1 ga Afrilu, 1957, gidan talabijin na BBC ya nuna wani ɗan gajeren rahoto na wasu iyali a yankin Ticino na ƙasar Suwizalan suna tsinkar taliya daga rassan bishiya suna shanyawa. Ranar ce da Turawa suka ware don zolaya, amma da yake a lokacin mutanen Ingila da yawa ba su saba da taliya ba, kuma muryar da suka yarda da ita ce ta karanta rahoton, sai wasu suka yi ta bugo waya suna tambayar yadda za su shuka tasu. Tun kafin nan da ƙarnoni, masanin tarihin Girka Hirodotus ya rubuta cewa a Indiya akwai itatuwa masu haifar ulu, yana nufin auduga, kuma gaskiya ya faɗa. Amma da labarin ya yi ta yawo daga baki zuwa baki, sai Turawan tsakiyar zamani suka wayi gari suna zana wani tsiro mai haifar ɗan rago. A littattafan abubuwan al'ajabi na Larabawa ma akwai bishiyar tsibirin Waƙwaƙ, wadda aka ce 'ya'yanta siffar mutane ne da su har suna kururuwa. Duk waɗannan sun karɓu ne domin an ce suna wata ƙasa mai nisa da mai sauraro ba zai je ya gani ba, daidai da dutsen da tsohon Funtuwa ya ajiye tasa bishiyar a bayansa. Saboda haka idan irin hoton nan ya sake zuwa maka, ka nemi sunan bishiyar da ƙasar da take kafin ka tura wa wani, idan kuma ka tura don nishaɗi ka rubuta a jikinsa cewa wasa ne.

TAMBAYA: Gyaran laima da fitila ne sana'ata. Ku gaya wa Baba na Funtuwa idan ya gano hanyar bishiyar nan ya rufa mana asiri kada ya nuna wa kowa, in ba haka ba mun rasa abinci. Ko da yake tunda akwai masu tsinkar ɗanya, aiki ba zai yanke mana ba. Tambayata ta gaske ita ce, wa ya fara ƙera laima irin wadda muke gyarawa?

Wani mai gyaran laima, daga Kano

AMSA: Malam, saƙonka ya isa, kuma wasiƙarka ta faranta mini rai, domin ka karɓi wasan yadda ake karɓarsa, ka ƙara masa naka, sannan ka ware tambayar gaske daban. Allah ya sa albarka a sana'a.

Laima ta girmi ƙarfen da ke cikinta da dubban shekaru. A zane-zanen tsohuwar Masar da na Assuriya ana ganinta a kan sarakuna, kuma a can inuwa ce da alamar mulki kafin ta zama kariyar ruwa. Wannan ma'ana tana nan da ranta a wurinmu, domin ko daga nesa ake hango hawan sallah, laima ce ke nuna inda sarki yake, haka kuma a fadar Asante da ke Kumasi. A Ingila kuwa an daɗe ana ganinta kayan mata, har sai da wani ɗan kasuwa mai suna Jonas Hanway, wanda ya rasu a 1786, ya dage yana yawo da ita a titunan Landan duk da ba'ar da ake yi masa, musamman daga masu keken doki waɗanda ruwan sama ke kawo musu ciniki. Laimomin wancan zamani nauyi ne da su, domin da itace ko ƙashin bakin ƙaton kifin teku da Turawa ke kira whale ake yin sandunansu, a rufe da yadi mai mai. Wanda ya kawo siraran ƙarafan da kake lanƙwasawa kullum shi ne Samuel Fox, mai masana'antar waya a kusa da Shafil ta Ingila, wanda a 1852 ya fito da ƙarafa masu kwarmi a ciki, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Ƙaramar da ake ninkewa a sa a jaka kuma wani Bajamushe ne, Hans Haupt, ya ƙirƙiro ta a 1928. A yau mafi yawan waɗanda ke shigowa kasuwanninmu daga ƙasar Sin suke.

Ita wannan mai ninkewa, kamar yadda ka fi ni sani, gaɓoɓinta sun fi yawa, saboda haka wuraren karyewarta ma sun fi yawa, kuma tsatsa daga mahaɗan nan take farawa idan aka naɗe laima da danshi aka jefa ta bayan ƙofa. Masu karatu su riƙa barinta a buɗe ta bushe kafin su naɗe, kada su buɗe ta suna fuskantar inda iska za ta shige ta ta ƙasa, kuma idan ƙarfe ɗaya ya balle su kai wa mai gyara tun yadin bai yage ba, domin a lokacin gyaran ɗan waya ne da zare kawai.